Mece ce bitar masana?

Idan aka ji a labarai cewa bincike ya gano dalma a ruwa ko kifi, abin tambaya shi ne: ya wuce bitar masana? Wato tantancewar da ƙwararru biyu ko uku, galibi a ɓoye sunayensu, ke yi wa rubutun mai bincike kafin mujalla ta buga shi.

A ɗauka malamin kimiyyar sinadarai daga jami'ar Aliero ya ɗebo ruwa a gaɓar tafkin Kainji, ko kusa da ramukan zinari na ƙasar Yauri, ya auna, ya aika wa mujalla sakamakon. Masu bita za su titsiye shi: kwalba nawa ya ɗebo? Da damina ne ko da rani? Ya daidaita na'urar kafin awo? Ya maimaita? Kwalbar da ba a wanke da asid ba tana iya ɓata sakamakon duka. Za su kuma nemi ya gwada alƙalumansa da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, miligiram 0.01 na dalma a kowace lita ta ruwan sha. Daga nan edita ya karɓa, ya mayar a gyara, ko ya ƙi; akan kwashe watanni.

Malamai na buƙatar a buga bincikensu don ƙarin girma, shi ya sa wasu ke rugawa zuwa mujallun da ke bugawa cikin mako guda in an biya kuɗi, aikin da, a ganina, bai cancanci sunan bincike ba. Amma abin ya shafi masunci a Ngaski da Shanga ma: rahoton kuskure na iya karya masa kasuwa, ko ya rufe haɗari irin gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.