Ɗalibin Lauya da Jita a Hannu: Shin Roƙo ne?

A gidajen Hausawa na New Bell da ke Duwala, idan yaro ya ce wa mahaifinsa ya shiga ƙungiyar makaɗan jami'a, amsar da zai fara ji ita ce: "Karatu na tura ka ko roƙo?" Tambayar tana da tushe. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce. Makaɗi yana da ubangida, yana wasa shi, ana yi masa kyauta. Wanda bai gada ba kuwa, in ya taɓa kalangu sai a ce ya zubar da girman gidansu.

Sai dai kiɗan jami'a wani abu ne daban. Jami'ar Duwala, wadda aka kafa a 1993, tana da ƙungiyoyin ɗalibai na wasanni da al'adu kamar sauran jami'o'in gwamnatin Kamaru, kuma akan tara su a bikin fasaha da al'adu na jami'o'i da ake kira UNIFAC. Mai karanta lauya ko lissafin kuɗi yana iya riƙe jita, ko fiyano, ko ganga, ba don a yi masa liƙi ba. Ba shi da ubangida, ba ya wasa kowa.

Abin da yake samu shi ne horo. Dole ya zo gwaji a kan lokaci, domin rashin mutum ɗaya yana tsayar da kowa. Dole ya saurari na kusa da shi, ya rage ƙarar kayansa idan mawaƙi ya shigo, ya karɓi gyara a bainar jama'a ba tare da fushi ba. A gari irin Duwala kuma, ɗan Bahaushe zai zauna da Badiwale da Bamileke da Basa, ya koyi kiɗan makosa, su ma su ji yadda kalangu yake magana.

Garin ma yana da abin misali. Francis Bebey, haifaffen Duwala a 1929, aikin jarida ya yi, ya riƙe muƙami a UNESCO, ya rubuta littattafai, duk da haka duniya ta san shi da jita. A Najeriya kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, shaidar cewa ilimi bai raina kiɗa ba.

Amma a yi hattara. Gwaji yana cin lokaci, musamman gab da biki, kuma babu malamin da zai ƙara maki don an iya jita. Malaman addini sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, don haka ɗalibi ya nemi fatawar wanda ya amince da shi, ya kuma nemi yardar iyaye. Su kuma iyaye, kafin su hana, su tambayi abubuwa uku: ina ake yi, da su wa, kuma yaya sakamakon jarrabawa yake. Idan amsoshin sun gamsar, hanin ba shi da dalili. Idan ba su gamsar ba, jita ta jira hutu.