Karatu Tare da Yara: Yadda Labari Ke Zama Tarbiyya

Karatu tare da yaro shi ne babba ya zauna da ƙarami a kan littafi guda, ya karanta masa ko su riƙa karɓa-karɓa, sannan su yi hirar abin da ya faru a labarin. Ya sha bamban da bitar aikin makaranta, domin ba hadda ake nema ba, ba kuma cin jarrabawa ba. Manufar ita ce yaro ya ga halayen mutane, nagari da miyagu, ya ga inda kowane hali ya kai mai shi.

Wannan aiki tatsuniya ce ke yin sa a gidajen Hausawa tun kafin boko. Bayan isha'i, kaka ko goggo za ta tara yara a tsakar gida ta ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, ko na 'yar bora da 'yar mowa, inda ladabi ke kai ɗaya ga arziki, rashin kunya ya jefa ɗaya a halaka. Da aka kafa hukumar talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East, gasar rubutu ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. Bayan 'yan shekaru Imam ya fitar da Magana Jari Ce cikin littattafai uku. Ginshiƙin littafin farko ma darasi ne a kan wannan batu: aku ne ke riƙe Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, da labari bayan labari, don kada ya fice daga fada ya faɗa tarkon Waziri. Bai ɗaure shi ba, bai yi masa tsawa ba. A littafi na uku kuwa akun ya zauna yana horar da ɗansa Fasih. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyin gargajiya a jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, saboda kada su bi tsofaffi kabari.

Dalilin da ya sa labari ya fi faɗa shiga jiki a fili yake. Idan aka ce wa yaro “kada ka yi ƙarya,” yakan ji kamar tuhumarsa ake yi, sai ya fara kare kansa. Amma idan maƙaryacin cikin littafi ne, yaro na kallonsa daga gefe, yana jin haushinsa, har ya yanke masa hukunci da bakinsa. Hukuncin da ya yanke da kansa shi ne wanda yake tunawa. Ƙissar Annabi Yusuf, alal misali, tana ɗauke da hassadar 'yan'uwa, da haƙuri a kurkuku, da yafiya a lokacin da ake da ikon ramuwa. Yaron da ke kishin ƙaninsa zai gane kansa a ciki ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Haka nasihar Luƙmanu ga ɗansa. Iyalan Hausawa Kirista su ma suna da labarin Yusufu da na Basamariye mai kirki a Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa tun 1932.

Sai dai labari shi kaɗai ba ya tarbiyya, kuma nan ne iyaye da yawa ke yin sake. Gizo ya isa hujja. A tatsuniyoyi da dama yakan yaudari kura ko giwa, ya cinye abin mutane, ya tsira lafiya ƙalau. Yaron da aka ba wannan labari aka tashi aka bar shi, abin da zai ɗauka shi ne wayo ya fi gaskiya riba. Ruwan Bagaja ma cike yake da damfara da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ana karantawa ana dariya. Ba a ce a daina ba yara irin waɗannan ba; ai duniya ba ta rasa masu halin Gizo, kuma gara yaro ya fara saninsu a takarda. Abin da ya wajaba shi ne tambaya bayan karatu: wa aka cuta a nan, yaya ya ji, da kai ne me za ka yi, wannan dabara ce ko zalunci? A bar yaro ya amsa, ko da amsar ta karkace. Amsa karkatacciya ita ke nuna wa uwa abin da ke cikin zuciyar ɗanta, ta san inda za ta gyara.

Kuskure na biyu shi ne mayar da zaman filin horo. Idan bulala na ajiye kusa da littafi, ko ana zungurin yaro duk sanda ya tuntuɓe a kalma, zai tsani littafin da abin da ke ciki gaba ɗaya. Haka nan mai dakatar da labari kowane shafi don ya yi wa'azi, ko mai cewa “ka ga irin halinka ke nan,” ya ɓata aikin. Minti goma ko sha biyar kullum cikin raha ya fi awa guda ranar Lahadi cikin ɗaure fuska.

Zaɓen littafi yana bin shekaru. Ɗan shekara biyu zuwa biyar hoto yake so da gajeren labari, kuma zai nemi a maimaita masa guda ɗaya har babba ya gaji. Maimaicin ba ɓata lokaci ba ne, ta nan kalmomi ke zama masa. Daga shida zuwa goma tatsuniyoyi da labaran Magana Jari Ce sun dace. Shaihu Umar, mai maganar satar yaro da bauta da wahalar uwa wajen neman ɗanta, ya fi kyau ga wanda ya fara hankali, haka Jiki Magayi mai nuna ƙarshen ɗaukar fansa. Littattafan soyayya na kasuwar Kano, da waɗanda ke yawo a WhatsApp, an rubuta su ne don manya, kuma wasu ko manyan ma sai da tacewa. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce babba ya riga yaro karanta duk abin da zai miƙa masa.

Waya ba ta maye gurbin wannan zama. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce kada a sa jariri kallon allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa guda a rana, sannan ta ƙarfafa karatu da ba da labari tare da mai reno. Bidiyo ba ya tsayawa ya tambayi yaro ra'ayinsa, ba ya kuma lura idan ya tsorata.

Akwai wata riba ta daban. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar da abokan aikinsa a 2022 ya kiyasta cewa kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Yaron da ya saba jin ana karanta masa da harshen uwa yakan shiga aji da tarin kalmomi da sanin yadda labari ke tafiya.

Rashin iya boko bai cire iyaye daga wannan aiki ba. Yaya ko wa na iya karantawa, uwa ta yi tambayoyin, domin sanin daidai da ba daidai ba ba ya buƙatar takardar shaida. Mai ajami ya karanta ajaminsa, mai tatsuniya a ka ta ba da kayanta. Uba ma yana da rabo, musamman ga 'ya'ya maza da ke kwaikwayon duk abin da suka ga ya ɗauka da muhimmanci. Tsofaffin littattafan kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya har yanzu ana samun su a shagunan littattafai da bakin kasuwa, sannan shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara masu hoto da Hausa kyauta, waɗanda za a iya buga su a takarda ko babba ya riƙe wayar ya karanta, yaro na gefensa.