Ko Kun Sani? Gwanjon da Babu Mai Ganin Farashin Wani

Duk ɗan kwangilar da ya taɓa neman aikin gwamnati a Dutse ya san tsarin: ya rubuta farashinsa, ya liƙe ambulan, a buɗe a gaban kowa ranar da aka sa. To, idan gwanjon ya koma intanet, mai riƙe da kwamfutar zai iya leƙawa.

Masana lissafi sun toshe wannan ƙofa. A watan Janairun 2008, manoma kusan 1,200 a Denmak suka yi cinikin izinin noman wani tushe da ake yin sukari da shi. Suna tsoron kamfanin Danisco, mai sayen amfaninsu shi kaɗai a lokacin, ya gane ƙarfin aljihunsu. Sai aka tsaga tayin kowane manomi kashi uku, aka raba wa kwamfutoci uku: ta kamfanin, ta ƙungiyar manoma, da ta masu bincike. Kashi ɗaya shi kaɗai lambobi ne marasa ma'ana. Kwamfutocin suka haɗu suka fitar da farashin kasuwa, babu wadda ta ga tayin kowa. Dabarar tsaga sirrin kuwa, wani masani mai suna Adi Shamir ya wallafa ta tun 1979.