Shamuwa, Baƙuwar Tsakar Gida

 Yau hirarmu a kan shamuwa ce, tsuntsuwar nan baƙa mai farin ciki da jajayen gwiwoyi.

Uwargida, ko ba ki leƙa ƙofar gida ba, sama a buɗe take a tsakar gidanki. Wajen watan Afrilu zuwa Mayu, in zafin bazara ya tsananta, ɗaga kai ki duba tsamiya ko kukar unguwa. Da kin ga shamuwa tana jigilar ƙirare, to damina ta ƙarato. Haka iyayenmu suke gane lokaci tun ba a san rediyo ba. Sai a tuna wa maigida yaɓen soro da gyaran indararo, ke kuma ki kammala shanyar kuɓewa da barkono, ki killace itacen girki.

Ina take zuwa da rani? Ruwa take bi. Idan daminarmu ta ƙare, sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe, inda a lokacin ne tasu daminar take sauka. A wajenmu kuwa take yin sheƙa, ta saka ƙwai biyu ko uku, ta ƙyanƙyashe. Abincinta fara ne da tsutsa, wato masu cinye mana gero da wake. Kin ga ashe ba zaman banza take yi ba.

To amma fa galibi a kan bishiya take sauka. Yau an sare wannan don a ƙara ɗaki, gobe an sare waccan wai kashin tsuntsu ya dame mu. Haba 'yar uwa! Kashin nan ai taki ne, share shi ki zuba a gindin zogalenki. In maigida ya kawo zancen sara, ki lallashe shi a rage rassa kawai, shi ma bayan 'ya'yan sun tashi. Yaro kuma in ya shigo da danƙo, zaunar da shi ki gaya masa irin tafiyar da wannan baiwar Allah ta yi kafin ta iso gidanku. Baƙo ai ba a jifansa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.