Ciwon Cikin Da Ya Ƙi Jin Magani

Maigida, ka karanta wannan takarda, ka kuma karanta wa iyalinka.

A ƙasarmu ta Daura, daga Zango har Baure, in ciki ya yi wa mutum zafi sai ya jiƙa kanwa ya sha, ko ya sayi ƙwaya a kasuwa. Zafin ya lafa, ciwon kuwa yana nan. Wasu ƙwayoyin ciwon jiki ma su ne ke ƙara cinye tumbi.

Sau da yawa gyambon ciki ne. Wata ƙwayar cuta ce takan kawo shi, wadda likitoci biyu suka gano a Ostareliya a 1982, kuma tana jin magani. Amma wani lokaci tsiro ne ke fitowa a bangon tumbi daga sama, inda abinci ke shiga. In an bar shi yana iya zama ciwon daji.

Alamun da ba a zama da su

1. Tuwo yana tsayawa a ƙirji.
2. Aman jini, ko kashi baƙi ƙirin kamar kwalta.
3. Rama da rashin jini ba dalili.
4. Ciwon ya wuce wata guda, an sha magani bai bari ba.

Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya tafi Babban Asibitin Daura. In da bukata, likita zai ba shi takarda zuwa asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano.

Yadda ake yi

Ba a tsaga ciki. Za a ce kada ka ci kome kamar awa 8. A fesa maka magani a maƙogwaro, a zura wani bututu mai laushi, kaurin ɗan yatsa, mai fitila da kyamara. Ba ya hana numfashi, don hanyar iska dabam take. In tsiron ƙarami ne bai yi saiwa ba, ana iya ɗaga shi da allurar ruwa, a zarge shi da siririyar waya, a yanke ta cikin bututun, a kai shi awo. In ya yi zurfi, sai babbar tiyata.

Bayan aiki

Sha kunu da koko kwana kaɗan. Bar yaji da taba. In ka ga jini, ko ciwo ya tsananta, koma nan da nan. Kada ka fasa komawa jin sakamakon awo.

Manomi ya sani, ƙuduji tun bai yi fure ba ake cire shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.