Daga Waya Zuwa Takarda: Dawowar Littafin Hotunan Iyali a Unguwar Kanawa

Shekaru talatin da suka wuce, duk baƙuwar da ta shiga ɗakin amarya a Unguwar Kanawa, da zarar an dire mata ruwa da cincin, sai a ɗora mata albam a cinya. Ta dinga buɗawa, matar gida na nuni da yatsa: wannan ƙanwar maigida ce, wancan kuma ranar saukar yayana ce. A lokacin filim guda hoto 24 ko 36 yake ɗauka, sai an kai shi an wanke, shi ya sa kafin mai hoto ya danna sai kowa ya gyara ɗaurin ɗankwali.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001. Bayan wasu shekaru wayoyi masu kyamara suka bazu, Tecno da Infinix da Itel suka kai hoto hannun mai ƙaramin ƙarfi. A Janairun 2012 kamfanin Kodak na Amurka, wanda sunansa ke jikin yawancin filim ɗin da, ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Albam ya koma ƙasan akwati. Ga shi yanzu ya sake ɓullowa da sabuwar kama, wadda masu sana'ar ke kira fotobuk: littafi mai bango kauri, wanda ake buga hotunan a jikin shafukansa, a ɗaure shi, a rubuta sunan ango da amarya ko na maijego a goshinsa. Wani ma har da akwatinsa mai hannu.

Babban abin da ya dawo da shi asara ce. Waya na faɗawa ruwa, tana mutuwa, ana fizge ta a tashar Kawo ko cikin cunkoson Kasuwar Sheikh Gumi, memori ya ci birus, yaro ya goge hotunan suna don ya samu wurin sauke wasa. Ajiyar intanet da ake cewa ta fi aminci ita ma tana da nata sharaɗin. Tun 1 ga Yunin 2021 Google ya daina ba da wurin ajiye hotuna kyauta babu iyaka, ya tsaya a gigabait 15, abin da ya haura sai an biya. Sannan mutane da yawa wani yaron shago ne ya buɗe musu imel, lambar sirrin ta tafi tare da shi.

Yanayin unguwar ma ya taimaka. Tana maƙwabtaka da tsohon mazaunin Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja, wadda aka kafa a Kaduna a 1964, ga ta kuma a gefen titin Ali Akilu. Wuri ne na sojoji da ma'aikata da 'yan kasuwa masu asali a Kano da Katsina da sauran garuruwa, mutanen da canjin wurin aiki ke ɗauka yau ya sauke gobe. Iyalin da suka warwatsu tsakanin Kaduna da Abuja da Maiduguri sukan so abu guda da za a aika wa kaka a gida, wadda ba ruwanta da shafa fuskar waya. Kuma Kaduna gari ne da ya san ƙaura: bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, iyalai da dama sun sauya unguwa tsakanin arewa da kudancin kogi, wasu ko tsinke ba su fita da shi ba, balle albam.

Sai biki. Auren yau a Kaduna yana da kamu da sa lalle da ɗaurin aure da walima, wasu su ƙara da dina, ga hotunan kafin aure. Mai hoto na iya dawowa da ɗaruruwan hotuna, kuma fotobuk ya zama cikin cinikin da ake yi da shi tun farko. Idan ƙawa ta yi, amarya ma sai ta yi. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba: a gidajen da ake ƙyamar rataye hoton mai rai a bango, ko ake jin nauyin ɗora hoton mata a Instagram, littafin da za a rufe a sa a durowa ya fi kwanciya a rai.

A shago, aikin yakan fara ne da gardama kan inganci. Mai shago ya zauna gaban kwamfuta, ya buɗe Photoshop ko CorelDraw, ya ja hoton ya cika shafi, sai fuskar ango ta farfashe. Nan zai juyo ya ce, "Hajiya, wannan ta WhatsApp aka turo miki ko?" Lissafin a bayyane yake. Bugu mai kyau na son ɗigo 300 a kowane inci, wato shafi mai faɗin inci 12 na buƙatar ɗigo 3,600. WhatsApp kuwa kan matse hoto ya dawo wajen 1,600 a tsawonsa, sai dai idan an tura shi a matsayin fayil. Hoton da ya bi ta hannu huɗu a zauren dangi, ko wanda aka ɗauko daga fuskar waya, ba ya jure babban shafi. Shi ya sa hoton da aka fi ƙauna yakan ƙare a ɗan lungun shafi, na mai kyamara ya mamaye tsakiya.

Tasirin fotobuk na farko a kan sana'a ne. Mai wankin hoto a ɗaki mai duhu ya kau, mai tsara shafi a kwamfuta ya maye gurbinsa, kuma matasa sun samu abin yi. Sai dai injinan bugu da ɗauri masu tsada ne, ƙananan shaguna tsarawa kawai suke yi su tura wa manya a cikin gari, ko Abuja, ko Legas, inda unguwar Shomolu ta yi suna a harkar ɗab'i. Takarda da tawada da leda yawanci daga waje ake shigo da su. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,400 a Fabrairun 2024, ga cire tallafin fetur a Mayun 2023 da ya sa kunna janareta ya zama abin lissafi. Sakamakon haka masu hali na yin littafin leda mai kauri da ruwa ba ya ɓatawa, masu ƙaramin ƙarfi na rage shafuka ko su haƙura da kalanda da memo na rabon biki.

Na biyu batun sirri ne. Don a ɓoye hotuna a durowa, sai an fara miƙa su ga baƙo. Hotunan kamu, inda mata suka saki jiki ba mayafi, kan kwana a kwamfutar shago bayan an gama aiki, wani lokacin ma a buga ƙarin kwafi a ajiye a kanta a matsayin samfuri. Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, amma a zahiri abin da ke tsare abokin ciniki shi ne ya tsaya a goge fayil ɗin a gabansa.

Na uku ya fi su nisa. Tsohon albam a hankali yake cika: yau a cusa hoton Sallah, baɗi na ɗan firamare da jakar buhu, a bayan kowanne an rubuta suna da kwanan wata da biro. Fotobuk rana guda ake ɗaure shi, ba a ƙarawa, ba a ragewa. Tunda kowane shafi kuɗi ne, zaɓi kan faɗa kan ranar ado. A goge ƙuraje, a haska fata, a cire katangar da ba filasta a sa labulen furanni. Kishiyar da ba a shiri da ita ko kawun da bai yi anko ba, sai a yanke su. Kuma sau da yawa mai shagon da bai san kowa a gidan ba ne ke yanke hukuncin wa zai samu cikakken shafi. Jikan da zai buɗe littafin nan gaba zai ga gwaggwaro da leshi, da wuya ya ga tsakar gidan da aka raini uwarsa.

Wasu iyalai sun fara bi ta wata hanyar. Suna zaro tsofaffin hotunan da damina ta manna da ledar albam, irin na ma'aikacin masaƙar Kakuri a kan kekensa ko alhajin da ya sauko da haƙorin Makka, a kwafe su da na'ura, a zauna da dattijuwar gida ta faɗi sunan kowa, a buga sunan a ƙarƙashin hoton tare da shekara.  Irin wannan littafi ya fi cin lokaci, kuma yawanci sai 'yan'uwa sun yi karo-karo, a buga kwafi uku ko huɗu, kowane ɗaki ya riƙe guda.