Jarrabawar Auna Hankali: Kada Ta Ba Ku Tsoro

Manoma da makiyaya na ƙasar Madarunfa, da yawa cikinku kuna da ɗiya a lakwal. Wata rana yaro zai tafi Maraɗi ko Yamai neman aiki. A wasu wurare, kafin a ɗauki mutum sai an yi mashi jarrabawar auna hankali. Ba harda ake tambaya ba. Ana so a ga yadda yake warware matsala.

Ga misali. An rubuta 2, 4, 8, 16. Wace lamba ke biye? Kowace lamba ninkin ta bayanta ce. Amsa ita ce 32.

Ga wani da kuka sani tun wajen kakanni. Mutum ya zo bakin tabkin Madarunfa da kura, da akuya, da damin harawa. Jirginshi abu ɗaya yake ɗauka tare da shi. In ya bar kura da akuya, kura ta cinye akuya. In ya bar akuya da harawa, harawa ta tafi. To, yaya zai yi?

Sai ya fara ƙetarar da akuya, ya komo. Ya kai kura, ya komo da akuya. Ya aje akuya, ya kai harawa wajen kura, don kura ba ta cin harawa. Sannan ya komo ya ɗauki akuya. Sau 7 ya ratsa ruwa, bai yi asarar komi ba.

Daga ina jarrabawar ta fito? A 1905, a Faransa, Alfred Binet da Théodore Simon suka shirya ta don gano yaran da ke bukatar taimako wajen karatu. A 1917 sojan Amurka suka soma amfani da irinta. Har suka yi wata mai zane-zane saboda waɗanda ba su iya karatu ba.

Amma ku lura. Wanda ya saba da takarda da alƙalami ya fi saurin amsawa. Yaron da ya faɗi, kada a ce mashi daƙiƙi. Makiyayin da ya san shanunshi ɗaya-ɗaya, ya san wadda ba ta komo ba, ai hankali gare shi.

Saboda haka, da dare ku riƙa yi ma yara kacici-kacici. Ku buga dara da su. Ku sa su ƙirga buhunnan gyaɗa da kuɗin kasuwa. In yaro ya ba da amsa, ku tambaye shi dalili. Da haka zai saba tun kafin ranar jarrabawa.